Kazar Wa Ce Wannan?

A lungunmu ba a cika faɗa kan kuɗi ba, tunda babu su. Siyasa ma sai lokacin zaɓe, da an rantsar da wanda za a rantsar kowa ya koma neman masara. Abin da ke ɗaga murya rani da damina, har ka ji mata biyu suna shari'a ta kan katanga kowacce da muciya a hannu, kaza ce. Gida 19 ne daga ƙofar masallaci zuwa inda kwata ta karya kwana, kuma in ka cire ɗakin da ɗan bautar ƙasa yake haya, babu inda za ka shiga ka fito takalminka bai ɗauko shaida ba.

Kowa ya ce yana kiwo. In ka bi diddigi, kiwon namu bai wuce buɗe akurki da asuba da rufe shi da magariba ba. Tsakanin nan da can kaza ita ke riƙe da kanta. Ta bi ta rariya ta fice, ta karya kumallo a bola, hantsi ya same ta gidan Goggo mai ƙosai inda ake wanke wake, ta yi ƙailula a ƙarƙashin motar Alhaji mai shago, la'asar kuma tana ƙofar injin niƙa. Da yamma ta dawo ciki fal, uwar ɗakinta ta watsa mata tsaki cikin tafin hannu guda, sannan ta juya ta ce wa maƙwabciya, "Wallahi kajin nan sun cinye ni."

Da na ce "muna kiwo" ma kara kawai na yi wa maza. Mu ba mu da ko gashi ɗaya a akurki. Kaza ta mace ce, ko ta yaron da kakarsa ta ba shi ranar da ya je ƙauye, da fatan kaza ta zama akuya, akuya ta zama saniya. Aikinmu biyu ne, sharhi a dakali da yanka. Ranar da yaro ya fito da kaza a hannu ɗaya wuƙa a ɗaya yana cewa "wai in ji Umma a yanka", ranar ake tunawa da mu. Na taɓa kuskuren cewa "kajina" a gaban uwargida, don ni nake sayen dusa. Ba ta tanka ba. Bayan kwana biyu na yi baƙo daga Funtuwa, na ce a kamo ɗaya, sai ta faɗa mini farashi.

Tunda kaji sun cuɗanya, kowace mace da shaidarta. Wata jan tsumma take ɗaurawa a fiffike, wata baƙin zare a ƙafa, maman 'yan biyu kuwa farcen ƙafar hagu take gutsirewa tun suna 'yan tsaki. Akwai masu rina su da galura, su fito ja jawur ko shuɗi kamar 'yan makarantar boko ranar fareti, wai don shirwa ta rikice ta ɗauka ba abinci ba ne. An yi shekaru ana gardamar ko shirwa tana rikicewar. Ni dai na taɓa ganin ta ta sure ɗan tsako ja ta bar fararen, amma da na faɗa a dakali aka ce wannan shirwar tsohuwa ce, ta saba da mu.

Shaida tana raba gardama kan kaza, ba ta raba ta kan ƙwai. Bara kazar maman 'yan biyu ta raina gurbin da aka yi mata, ta je ta zaɓi bayan itacen girkin Goggo. Sai da ta zuba 9 aka gane.

"Goggo, ai kin ji kyarkyararta kullum da hantsi, kin kuma san ba taki ba ce."

"'Yar nan, na ji. Madafar wa ta shiga? Hatsin wa take ci tun watan jiya? Ni na aika mata goron gayyata?"

Har gaban liman aka kai maganar, bayan isha'i, ta bakin mazajensu da 'ya'yansu. Ya ce ƙwai na mai kaza ne, amma a bar ta ta kwanta inda ta zaɓa, in ta ƙyanƙyashe a ba Goggo tsako ɗaya ladan masauki. Goggo ta ce biyu. Aka tsaya kan ɗaya mace, wanda duk mai kiwo ya san ya fi biyu maza.

Duk wannan rabe-raben namu ne mu mutane. A wurin kajin garke ɗaya ne, kuma sarkinsu ɗaya, jan zakaran Alhaji. Daga wata ruga ya kawo shi, dogo, zankonsa a miƙe, ƙirjinsa kamar na ɗan dambe. Shekara biyu ke nan duk ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a lungun nan, ko na gidan wa, da dogayen ƙafafunsa yake fitowa. Alhaji yakan ce da ana biyan zakara kuɗin barbara da ya sake mota. Sai dai zakaran ba shi da mutunci ko kaɗan. Ya kori almajiri har ya zubar da tuwo, ya hana yara bin ta ƙofar shago, ɗan bautar ƙasa kuwa da kakinsa da takalminsa ya taɓa tsallake kwata saboda shi. Ranar nan aka zauna a dakali aka ce a yanka.

Wanda ya cece shi Baba malamin gona ne, wanda ya yi ritaya bayan shekaru yana yawon ƙauyuka kan babur. Ya ce, "Ku saurara. In baƙo ya zo, wanne kuke kamawa?" Muka ce babban. "In Salla ta zo fa?" Muka ce babban. "In matar ɗa ta haihu za a yi farfesu?" Muka yi shiru, don mun ga inda ya dosa. Ya ce to wanda ya rage shi ne tsamurarren da kowa ya ji kunyar kai wa baƙo, shi zai zama uban na baɗi. Shekara goma ana haka, sannan mu zauna muna cewa kajin Hausa sun lalace, ba kamar na zamanin kakanninmu ba. Ya ce bai taɓa ganin manomin da ya cinye zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye ƙeƙasasshiya iri ba, amma a kaji kullum haka muke yi. Wannan maganar ta shige ni, kuma har yau ban ji wanda ya ture ta ba.

Bai tsaya nan ba, ya juya kan Alhaji. Zakara ɗaya kaji goma ne daidai ƙarfinsa, in sun fi haka da yawa ƙwai zai riƙa fita fanko. Kuma wannan jan yanzu 'ya'yansa da jikokinsa yake bi, jini yana komawa cikin jini, shi ya sa 'yan tsakin bana suka fi na bara laushi. Hukuncin da aka yanke shi ne a bar shi zuwa bayan damina, sannan a yi musaya da wani daga wata unguwa. An kuma roƙi a duba hali kafin a ɗauko, don a ganin Baba zafin rai ma yana bin jini, kamar tsawon ƙafa. Ɗan bautar ƙasa ya ce a saka shi cikin kwamitin tantancewa.

Hali kuwa kaji suna da shi, duk mai cewa kaza dabba ce marar kai bai zauna tsakar gida ya kalle su ba. Suna da manya da ƙanana, kowacce ta san wadda za ta tsattsaga da wadda za ta kauce wa a bakin kasko, kuma baƙuwa sai ta sha duka kwana biyu kafin a ba ta matsayi. Akwai uwa ta gari, wadda in inuwar shirwa ta gifta za ta yi ƙara ɗaya 'ya'ya su ɓace ƙarƙashin turmi, ita kuma ta bushe gashi ta tashi sama ta tare. Uwargida tana da irin wannan, baƙa ƙirin, ta taɓa bin muzuru har zaure. Akwai kuma ballagaza, wadda za ta ja 'yan kwana uku cikin raɓa da sassafe, ta tsallake kwata ta bar su suna kuka a ɗaya gefen, ta fita da 11 ta dawo da 6 ko a jikinta. Akwai mai kwanci ta yi sati biyu ta gaji ta tashi, a bar ka da ƙwai ba na ci ba ba na tsako ba. Akwai mai shan ƙwanta, wadda mata ke cewa mayya ce, Baba kuma ya ce ƙashi jikinta ke nema, a daka mata ɓawon ƙwai ko ƙonannen ƙashi a zuba a dusa, a kuma duhunta gurbin.

Mata sun san duk wannan fiye da mu, kuma da shi suke zaɓen wadda za a bari. Durgu, mai gajerun ƙafafun nan, ba ta da kyan gani a kasuwa, amma in ta kwanta kan ƙwai ko tsawa aka yi ba ta motsi, shi ya sa Goggo ba ta sayar da tata ko nawa aka taya. Mai tsiraicin wuya, wadda yara ke tsokana da ƙanwar ungulu, ita ta fi kowa jure zafin Maris da Afrilu. Fingi mai birkitaccen gashi ba ta son sanyi, sai dai tana da kasuwarta ta daban, tare da farar kaza fat da baƙa wuluk da jan zakara marar sirki. In ka ga mutum ya zo lungu da magariba yana tambayar kaza da launi ba da nauyi ba, kada ka tambaye shi me za a yi da ita, ka dai ninka kuɗin.

Wajen kwanci ne haɗamarmu take fitowa fili. Kazar Hausa ƙwai 10 zuwa 12 take iya rufewa da kyau. Mu sai mu tura mata 18, har da na aro daga maƙwabta, na gefe su sha iska, ta juya su na tsakiya su koma gefe, a ƙarshe rabi su zama baragurbi. Kwana 21 ne lissafin, ba ya ƙaruwa don kana sauri. Mai hankali tana ɗiga wa kowane ƙwai alama da gawayi ranar da aka sa shi, saboda wata kazar takan lallaɓo ta ƙara nata sabo a gurbin, shi kuma ba zai ƙyanƙyashe tare da sauran ba. Ƙwan da ya wuce kwana goma a ajiye ƙarfinsa ya ragu, na bazara kuwa zafi yana dafa shi tun kafin uwa ta hau, sai an sa rairayi mai ɗan danshi a gurbi a wuri mai inuwa. Har yanzu akwai mai rantsuwa a dakalinmu cewa kaza ba ta ƙwai sai da zakara. Tana yi sarai, ƙwan ne kawai ba ya zama tsako. Mun kai shi gidan gona ya gani da idonsa, ya ce waɗannan kajin turawa ne, ba a kafa hujja da su.

Da damina ta kankama, matan Fulani suka fara shigowa da ƙwan zabi, sai a mai da kaza 'yar aiki. Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa amma ba a dogara da ita wajen reno, don haka kaza ake ɗora wa. Na zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, don haka in za a haɗa da na kaza sai an ba shi ratar mako guda. Ta sha wahala ta ƙyanƙyashe, ta yi ta kiran su da muryar da ba su gane ba, su yi wayo su bi danginsu ko sallama babu. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Na agwagwa ya fi ban tausayi, sati biyar cur tana kwance, ranar da suka ga kududdufi suka faɗa, ita tana bakin ruwa tana kai da kawowa kamar wadda ɗanta ya shiga mota ba da saninta ba.

Saboda wannan hidimar ne ƙwan kazar gida bai taka kara ya karya ba. Ta zuba sha biyu, ta kwanta sati uku, ta yi reno wata biyu, sannan ta sake. Zagaye uku a shekara, ƙwai kusan arba'in, ta gode Allah. Nan kusa da mu a Shika, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da Shika Brown, wadda in ta samu abinci da kulawa takan haura ƙwai 250 a shekara. Ita ba ta san kwanci ba, an cire mata shi daga jini, aikinta ta ci ta zuba. Da can ma ƙwan namu ba ci muke yi ba, ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Yanzu da na girma na ga farashin kiret, na gane tsofaffi tattali suke yi suka sa masa rigar tarbiyya.

An yi shekarar da lungu ya kamu da zazzaɓin buroila. Wata ta yi kafin Salla ta samu riba, sai kowa ya sayo 'yan kwana ɗaya a kwali. Uwargida ta kawo 25, aka kore ni daga ɗakin da nake ajiye littattafai, aka shimfiɗa ɓuntun shinkafa, aka kunna fitilar ƙwai don ɗumi. Ban taɓa ganin halitta mai ci irin wannan ba. Suna ci a tsaye, su gaji su kwanta su ci gaba, buhu mai kilo 25 ya ƙare kafin ka gama jimamin kuɗin na baya. Sati shida zuwa takwas sun kai yanka, gaskiya ne, amma in ba ka sayar a lokacin ba ribar suke ci. Rannan aka fito da su tsakar gida su sha hantsi, shirwa ta gifta, na Hausa suka watse kamar an share, su kuwa suka ɗaga kai suna kallon ta. Yanzu an samu na tsakiya, irin su Noiler da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, masu girma da sauri kuma suna iya ɗan tono. Mata da yawa sun koma kansu. Amma ranar farfesun mai jego, ko kazar da ango zai shiga da ita, har yau ta Hausa ake nema, don romonta daban ne.

Duk wannan hira ce ta lokacin lafiya. Daga Nuwamba, da iska ta juyo, hazo ya sauka, leɓe ya fara tsagewa, kowace mai kaza gabanta faɗuwa yake yi. Da safe a buɗe akurki a ga ɗaya ta ƙi fita. Ta tsaya wuri ɗaya ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa bargo, ido a lumshe, tana gyangyaɗi da rana tsaka. Kashi ya tsinke, kore da fari. Wata ta riƙa buɗe baki tana neman iska, wata wuyanta ya murɗe har tana kallon sama tana zagaye. Kafin mako ya zagayo akurkin da ke da 20 ya koma 2. Wasu na ce masa farin kashi, wasu fakat, Goggo kuwa iska kawai take cewa. Likitocin dabbobi suna kiran sa da sunan garin Niyukasil na Ingila, inda aka gan shi a 1926, yaran lungu kuma suna mamakin yadda kulob ɗin ƙwallo ya samu ciwon kaji.

Kowane gida da asibitinsa. A nan barkono ake dakawa a kasko, a can ɓawon maɗaci ake jiƙawa, gidan liman gautan kaji da tafarnuwa, 'yan boko kuma su aika kemis a sayo kafso ja-da-yalo a farke a ruwa. In biyu suka tsira cikin ashirin, maganin gidan ya yi suna, a riƙa aiko yara karɓa. Baba malamin gona yakan girgiza kai. Ya ce ƙwayar da ke kawo wannan ciwon bairos ce, kafso ba ya taɓa ta, barkono kuwa sai dai ya ƙara wa mai mutuwa azaba. Biyun da suka rayu, ko ruwan randa aka ba su da sun rayu. Ba na raina magungunanmu gaba ɗaya, toka tana korar ƙuma, hayaƙi a akurki yana aiki, manja yana lausasa ƙurajen zanko. Amma kan wannan ciwon shekara nawa muna jiƙa maɗaci, kuma shekara nawa muna kwashe gawa da kwandon shara?

Ta inda yake shigowa kuwa, bari in fara da kaina. Wani Disamba ina dawowa daga ƙauye na ga mutum a bakin hanya da kaji biyu manya, ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Na biya da sauri kada ya farga. Na shigo gida ina taƙama, na sake su cikin na uwargida. Kwana goma bayan nan ko cara ba a ji a lungu sai ta jan zakara, wanda ko mutuwa tsoron sa take ji. Ba wanda ya ce ni ne. Sai dai har aka yi Salla, duk sanda na wuce gaban kaskon Goggo sai ta ce, "Malam, ina kwana? Ya kasuwa?"

Mai kajin ya san abin da ya sa ya karya farashi. Ciwo ya shiga gidansa, ya kwashi masu sauran tafiya ya fito da su. Kada mu yi wa juna ƙarya, mu ma haka muke yi. Da ɗaya ta fara gyangyaɗi, a kama sauran a ba yaro ya kai kasuwa. Wadda ta kusa kuma a ruga neman mai yanka kafin ta yi mushe, a fige, a watsa gashi da kayan ciki a bola, inda kajin gida 19 suke karya kumallo. Kazar kyauta daga dangi ma haka, wa zai ɗaure kyautar surukarsa a bayan gida sati biyu yana kallon kashinta? Amma abin da ya kamata a yi ke nan da kowace baƙuwa, ta kasuwa ce ko ta suruka. Agwagi kuma sukan ɗauki ciwon su yi ta yawo da shi lafiya lau.

Masu shekaru sun tuna 2006. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata babbar gona kusa da Jaji, nan kan hanyar Kaduna, karo na farko a Afirka, kafin wata ya ƙare ta ɓulla a Magarya ta Nijar. Ma'aikata suka fito da fararen kaya har fuska, ana kashewa ana binnewa, gwamnati ta ce za ta biya naira 250 kan kowace kaza. Mata suka riƙa ɓoye kaji a ƙarƙashin gado da cikin rumbu. Masu tsire suka daina gasa kaza, ƙwai ya yi kwantai. A farkon 2007 ta kashe wata budurwa a Legas. Abin da ya sa nake tuno wannan, da ido ba ka raba murar tsuntsaye da farin kashi, ga shi ɗaya tana iya kama mutum. Duk da haka in kaji suka fara zubewa a tare, yaro ƙarami muke ba wa ya fige.

Rigakafin kuwa yana nan tun tuni. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin sa iri-iri. Akwai Lasota, akwai kuma I-2, wanda asalinsa daga Ostireliya ne, an yi shi don irin kajinmu na sake, ya fi jure zafi in an fito da shi daga firij. Ba allura ba ce, ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya, babba da ɗan tsako duk ɗaya, a maimaita bayan wata huɗu. Kuɗin yi wa kaza ɗaya bai kai na ƙwai ɗaya ba. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta kaji gomomi ce, kuma da an haɗa ta da ruwa ba ta jiran kowa. Mai kaza bakwai ba za ta saya ita kaɗai ba. In ma ta saya ta yi wa nata, gobe da na maƙwabta za su sha ruwa kasko ɗaya.

Baba ya yi shekara uku yana wannan wa'azin a dakali, inda babu mai kaza ko ɗaya. Sai bana uwargida ta ce masa, "Baba, ka zo ranar zubin adashi ka faɗa." Ya je. Goggo ta fara tare shi.

"Malam, wancan na bayan masallaci ai ya yi wa nasa bara, suka mutu ƙurmus."

"Hajiya, yaushe ya yi? Sai da uku suka faɗi. Rigakafi mai lafiya ake yi wa, kuma sai ya yi sati ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki. Ga shi a aljihu ya ɗauko kwalbar tun daga Sabon Gari, ya tsaya ɗaurin aure, ya tsaya jana'iza. Ruwa ya ɗiga musu."

Aka yi dariya, aka amince. Aka sa daren wata Juma'a a Oktoba, kafin sanyi ya sauko, don kaza da dare ake kama ta ba da rana ba. Aka ce kowace mace ta faɗi yawan nata ta biya. Da aka haɗa lissafi aka samu 140. Baba ya kalli takardar, ya ce a sayo na 250.

Bayan isha'i malamin dabbobi ya iso da kula ɗinsa. Yara da tocila, mu maza a karo na farko da aikin da ba yanka ba, muna riƙe fukafukai ana ɗigawa. Daga akurki aka ciro wasu, daga kan katanga wasu, daga cikin tsohuwar mota wasu. Goggo ta ɓoye durgunta a ɗaki ta ce tana kwanci ba a taɓa ta, sai da liman ya sa baki. Jan zakara ya hau kan darbejiya, mutum huɗu da gora suka sauko da shi, ɗan bautar ƙasa ya roƙi alfarmar shi zai riƙe kan. Da aka gama aka ƙirga, 212. Kowace mace ta ce ragowar 'yan tsaki ne, ba ta ɗauka ana lissafa su ba.

Saura wata sagara wake-wake da aka kamo kan bangon makewayin masallaci, ba tsumma ba zare, farcenta cikakku. Malamin ya ɗaga ta a hasken tocila ya ce, "Kazar wa ce wannan?" Lungun da ya kai ƙarar ƙwai tara gaban liman ya yi tsit. Na ga dare yana yi, na sa hannu a aljihu na biya mata.

Sanyin bana ya zo ya same mu, kaza uku kawai aka rasa, biyu ma mota ce. Cikin Disamba sai ga wake-wake ta fito daga bayan tulin bulo da 'yan tsaki 11, duk masu dogayen ƙafafu. Kafin hantsi mata uku sun gane ta. Maman 'yan biyu ta ce mantawa ta yi ba ta gutsire farcen ba, Goggo ta ce jikar durgunta ce, ƙafar ce ta yi ta ubanta. Na gyara murya na ce in ana maganar hujja, duk lungun nan an ga wanda ya biya mata kuɗin rigakafi. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Haka ne, Malam, an gani. Cikin kuɗin cefanen Asabar ka cira, shi ya sa ba a sa nama a miya ba." Ta miƙa wa yaro jan tsumma ta ce ya je ya ɗaura.